Wai Ciwon Turawa Ne, In Ji Mutanen Mafara

Mutanen Talata Mafara, Bakura da Maradun, ku gyara zama, yau da ku nake. Na san halinku. Da an ɗauko zancen da ya ƙetaro teku sai ku karkata hula, ku kalli juna, wani ya ce, "Malam, wanga zance na Turawa na, mi yag gama mu da shi?" To a yi mini uzuri a saurara, domin zancen jini ne, kuma har yau ban ji likitan da ya ce kunun tsamiya ke gudana a jikin mutumin Mafara ba.

Ga abin da ya tayar da maganar. Akwai ciwon da ke ɗauke mutum ba sallama: jini ya daskare ya zama guda a cikin jijiyar ƙafa, gudan ya ɓalle, ya bi jini har ya je ya toshe huhu. A Amurka, hukumar yaƙi da cututtuka ta CDC ta ƙiyasta cewa yana kama mutum har 900,000 a shekara, yana kashe tsakanin 60,000 da 100,000. Da masu bincike suka tattara takardun shaidar mutuwa na 1999 zuwa 2018, sai suka tarar baƙar fata na mutuwa da toshewar huhun nan kusan ninki biyu na farar fata. Wasu kuma suka bi bayanan asibitoci, suka ga in ciwon ya yi tsanani, Bature aka fi yi wa aikin zura siririn bututu a narkar da gudan ko a zaro shi. Ko a rabon ƙwaya ma, sababbin magunguna masu sauƙin sha sun fi zuwa hannun fari, baƙi a sallame shi da tsohon.

Na hango ka, Alhaji na Bakura, tun ban kai aya ba ka fara murmushi. "To ai shi ke nan. Mu nan likita baƙi, malamar asibiti baƙa, majinyaci baƙi. Wa zai ware wa?" Tambayar ta yi ma'ana, Alhaji, kuma zan biya ka. Amma bari mu fara ganin ciwon da idonmu, kada mu yi cinikin biri a sama.

Ku manoman rani ne, tun da aka kammala madatsar Bakolori a 1978 kuke fama da magudanan ruwa, don haka ba sai na wahala ba. In ruwa ya daina gudu a ƙaramar magudana, laka ke taruwa. Ranar da aka sako ruwa da ƙarfi, curin lakar ya ɓantare ya kama hanya, ba ya tsayawa sai ya tarar da ƙofar da ta fi shi ƙanƙanta, ya maƙale, gonakin da ke bayan wurin su shiga uku. Haka gudan jini yake yi, sai dai ƙofar da yake maƙalewa huhu ne. Wani likita Bajamushe, Rudolf Virchow, ya bayyana tafiyar gudan nan daga ƙafa zuwa huhu tun tsakiyar ƙarni na 19, kuma da sunansa ake kiran dalilai ukun da ɗaliban likitanci ke haddacewa har gobe: jini ya rage gudu, ko jijiya ta ji rauni, ko jinin kansa ya zama mai saurin daskarewa.

Yanzu ku faɗa mini tsakani da Allah, wanne ne babu a garinku? Falken da ya hau tirela da shanu daga kasuwar Talata zuwa Legas, ƙafa a naɗe kwana da yini, yana ƙin shan ruwa don kada fitsari ya dame shi? Mai karayar cinya da maɗori ya ɗaure ya kwantar wata biyu? Wanda harsashin 'yan bindiga ya samu a ƙafa? Tsohon da aka yi wa aiki ya ƙi motsawa saboda yana jin tsoron ɗinki? Mai ciwon daji? Ko maniyyacin da ya zauna sa'o'i a jirgi bai miƙe ba, wai kada ya takura wa na kusa da shi? Virchow bai taɓa taka Maradun ba, amma da ya zo da ya cika littafi.

"Kakanninmu ba su san wanga ciwo ba," in ji Baba na bakin masallaci. Ranka ya daɗe, ina da albishir: Bature ma ya goyi bayanka. Denis Burkitt, likitan tiyatar da ya yi shekaru a Yuganda, ya rubuta a 1972 cewa gudan jini na ƙafa ciwo ne da ba kasafai ake ganinsa a karkarar Afirka ba, ya danganta hakan da irin abincinmu mai dusa. Maganar ta zauna a kan likitoci shekaru da yawa. Ka ga ke nan, kai da kake alfaharin ba ka bin Turawa, ra'ayin naka na Bature ne, tsohon yayi ma kuwa. Da likitocin Asibitin Koyarwa na Ibadan suka bi bayanan gawarwakin da aka bincika, sun tarar da gudan jinin nan a huhun 'yan Nijeriya, kuma da yawa ba a gano shi ba sai bayan rai ya yi halinsa.

Mu nan arewa ƙofar binciken gawa a rufe take. Mutum ya cika da hantsi, kafin azahar an kai shi makwancinsa, kuma haka addini ya koyar, ba ni da ja. Sai dai sakamakon shi ne ba mu da ƙidaya. A zaman makoki za ka ji ana cewa, "Lafiya lau ya kwana, ya tashi zai yi alwala sai ya dafe ƙirji ya faɗi." Wani ya ce hawan jini, wani ya ce zuciya, wata inna ta rage murya ta ce jifa ne. Babu mai tuna cewa kwana huɗu da suka wuce mamacin yana ɗingishi, yana cewa sha-raɓarsa ta hagu ta yi masa nauyi. Ajali gaskiya ne, amma ajali na da sababi. Amurkawa sun gano nasu bambancin ne saboda suna rubuta sababin a takarda, mu kuwa da ba ma rubutawa sai muka ɗauka mun tsira.

To Alhaji, ga bashinka. Ka ce duk baƙaƙe ne mu, babu mai ware wani. Bambancin ba ya bukatar biza, a cikin kwali yake zuwa, mu sa hannu mu karɓa, har mu yi godiya.

Fara da littafi. Littattafan da aka daɗe ana koyar da likitoci da su sun ce alamar gudan jini a ƙafa ita ce kumburi, zafi, ciwo, da ja. Ja! Miƙo ƙafarka, Alhaji, mu ga inda jan zai fito. A fatarmu wurin sai dai ya ƙara duhu, ko ya yi sheƙi ya ɗaure, ko ma ba a ga komai sai an taɓa an ji ɗumi, an auna kaurin ƙafafun biyu da tef an ga ɗaya ta fi. Wani ɗalibin likitanci ɗan asalin Zimbabuwe, Malone Mukwende, da ke karatu a St George's ta Landan a lokacin, ya gaji da tambayar malamansa yadda alamomin cuta ke bayyana a baƙar fata ba ya samun amsa, shi ne a 2020 shi da malamansa biyu suka fitar da ɗan littafi mai suna Mind the Gap. A 2020 fa, ba zamanin Lugga ba.

Sai 'yar na'urar nan da ake maƙala wa yatsa ta nuna lamba, wadda ta cika gari lokacin korona. Haske take harbawa ta cikin yatsa don ta ƙiyasta yawan iskar da ke cikin jini, kuma akasari a kan masu hasken fata aka daidaita ta. A Disambar 2020 likitocin Jami'ar Mishigan suka buga abin da suka gani: cikin marasa lafiyar da na'urar ta ba lamba 92 zuwa 96, wato ba laifi, da aka ɗebi jini aka auna sai aka tarar kashi 11.7 cikin 100 na baƙaƙe iskarsu ta yi ƙasa da 88, alhali a farare kashi 3.6 ne. Wato na'urar ta fi yi wa mai duhun fata daɗin baki, ninki uku. Hukumar magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi a kanta a Fabrairun 2021. Baƙin lalle da jan farce ma suna rikita ta, Hajiya, sai a kula. Irin wannan na'urar ce ke aljihun ma'aikacin lafiya a ƙauyenku. Shi ba ya ƙin ka, ƙila ma ɗan ƙanwarka ne. Amma in mai jego ta zo tana haki, ya maƙala ya ga 95, ya ce "iskarki lafiya lau, gajiya ce," to an ware ta, kuma ba a ga Bature ko ɗaya a ɗakin ba.

Na uku, wato magani, ya fi daɗin labari, musamman ga Fulanin dajin Maradun. A shekarun 1920 shanu suka riƙa mutuwa da zubar jini a Kanada da arewacin Amurka, aka gano ruɓaɓɓiyar harawa suke ci. Wani masani a Jami'ar Wiskonsin, Karl Link, da ɗalibansa suka zaƙulo sinadarin da ke hana jinin daskarewa, daga nan aka ƙera wafarin. A 1948 aka fara sayar da shi a matsayin maganin ɓera. A 1954 aka amince a ba mutane, a 1955 har shugaban Amurka Eisenhower ya sha bayan ciwon zuciya. Kada wani ya ji haka ya nufi mai tallan maganin ɓera ranar Talata, don Allah. Wafarin magani ne mai tsiwa: ya yi kaɗan jini ya daskare, ya yi yawa mutum ya yi ta zubar jini, shi ya sa mai shan sa ba ya rabuwa da awon jinin da ake kira INR.

Adadin da ke isar mutum ya danganta da gadonsa, kuma a jimlace 'yan asalin Afirka sun fi Turawa bukatar mai yawa. Masana suka ƙirƙiro lissafin da zai duba ƙwayoyin gadon mutum ya faɗi adadin da ya dace da shi. Da aka gwada lissafin a wani babban gwaji a Amurka a 2013, sai aka ga baƙaƙen da aka bi lissafin a kansu sun fi shan wahalar daidaita jininsu a kan waɗanda aka yi wa ta tsohuwar hanya. Dalili? Da ƙwayoyin gadon da suka yawaita a jinin Turawa aka gina shi, aka bar waɗanda suka fi yawa a namu.

Ko takardar gargaɗin abinci da ake ba mai shan wafarin abin dariya ce a nan. Za ta ja maka kunne a kan ganyayen da ba ka taɓa gani ba sai a talabijin, ba ta san zogale ba, ba ta san alayyafo ba, ba ta san cewa da damina kwaɗo ne abincin rana a gidaje da yawa ba. Ganye na ɗauke da sinadarin bitamin K, wanda ke rage ƙarfin maganin. Ba a ce a daina ci ba, cewa aka yi kada a ci tuli wannan mako a ƙaurace mako mai zuwa. Haka kuma mai shan maganin tsinka jini ba shi ba ƙahon wanzami, ba shi ba ƙwayoyin ciwon jiki irin su diklofenak da asfirin da ake saya a kemis kamar gyaɗa, sai da sanin likita.

Malamin makaranta na Mafara ya ɗaga hannu, na san shi ba ya bari a wuce. "To ke nan jininmu daban yake da nasu, ba wariya ba ce, halitta ce." Malam, rabin maki. Akwai bambancin gado, ba a musu. A 1994 aka gano wata ƙwayar gado a birnin Leiden na Holan da ke sa jini saurin daskarewa. Kusan Bature 5 cikin 100 na ɗauke da ita, a Afirka kudu da Sahara kuwa kusan babu. Mu namu daban: sikila. Kusan ɗaya cikin 'yan Nijeriya huɗu AS ne, kuma bincike a Amurka ya nuna haɗarin toshewar huhu ga mai AS ya kusa ninki biyu, ga mai SS kuwa abin ya fi haka. Yawancin masu AS za su tsufa ba su gamu da shi ba, kada a tsorata, awon kafin aure ma ya ishe su fargaba. Amma ka lura, Malam: ta Turawan an daɗe da sa ta cikin jerin awon da ake yi wa mai gudan jini, tamu kuwa sai daga baya aka waiwaye ta. Gado bai hana a yi wa mutum hoton huhu ba, gado bai zaɓa masa tsohon magani ba. Kuma kalmar "baƙi" da suke zuba mu ciki duka, Bazamfare da Bayarabe da Bahabashe da jikan bayi na Amurka, ta yi wa jini faɗi, domin babu nahiyar da mutanenta suka kai na Afirka bambancin gado a tsakaninsu.

Sauran rabin makin yana wajen Serena Williams. Kun san ta ko ba ku kallon ƙwallon tanis. Ta taɓa yin toshewar huhu a 2011, don haka ta san yadda abin yake. A ranar 1 ga Satumba, 2017 aka yi mata aiki aka ciro 'yarta. Washegari numfashinta ya fara sarƙewa. Ta gaya wa ma'aikaciyar jinya cewa hoton CT take bukata da ruwan hefarin mai hana jini daskarewa, aka ɗauka maganin kashe zafi ne ya rikita ta. Ta nace. Aka fara da hoton ƙafa, ba a ga komai ba, sannan aka yi abin da ta ce, sai ga gudajin jini a huhu. Mace mai miliyoyin daloli, wadda duniya ta san sunanta, ta kuma san sunan ciwonta da sunan maganinsa, sai da ta yi gardama a kan gadon asibiti kafin a ji ta.

Yanzu ka ɗauko mai jego a wani ƙauye bayan Maradun. Makonni shida na bayan haihuwa, wato kwana arba'in ɗin nan da muke ƙirgawa, su ne lokacin da jinin mace ya fi saurin daskarewa, ballantana in aiki aka yi mata ko ta zubar da jini da yawa. Ƙafarta ɗaya ta kumbura, galibi ta hagu. Wa za ta gaya wa? Kunya ta hana ta gaya wa miji, haihuwar fari ce. Ta gaya wa inna, inna ta ce sanyi ne ya shige ta, a ƙara wa ruwan wanka wuta, a dama kunun kanwa, a kira mai tausa. Hajiya, kada ki harare ni, ba ni na fara ba: tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka danganta yawan kanwa da gasa jiki da ciwon zuciyar masu jego, zuciyar da ta raunana kuwa ita ma tana tara gudan jini. Tausar nan kuma ita ce babbar kasada, don tana iya ɓantaro gudan ya kama hanyar huhu.

Ga lissafin da ya kamata ya hana mu dariya. A 2021 Amurka ta rasa mata baƙaƙe 69.9 cikin kowace haihuwa 100,000, farare 26.6, kuma wannan tazarar ce ta tayar musu da hankali. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na Nijeriya a 2020 shi ne 1,047. Ba duka gudan jini ne ba, zubar jini da jijjiga sun fi yawa, amma yana ciki, kuma shi ne wanda ba a ambata. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna matan Arewa maso Yamma da ke haihuwa a asibiti ba su kai kashi 20 cikin 100 ba. Baƙar Amurka tana kukan an ƙi sauraronta a asibiti, tamu ba ta kai ƙofar asibitin ba balle a ƙi ta.

Ka ga, Alhaji, mu ma muna da fari da baƙinmu, sai dai ba a fata yake ba. Wanda ke da mota da kuɗin mai, ya san wani a Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura a Gusau, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, shi ne Baturenmu. Wanda numfashinsa ya sarƙe bayan magariba a ƙauyen da ko mai babur ba ya yarda ya fita saboda 'yan bindiga, sai ya jira gari ya waye, in ya kai. A Satumbar 2021 da aka katse layukan waya a Zamfara, ko kiran mai mota ba ya yiwuwa. Ba mu da sunan da muke kiran wannan da shi, muna dai cewa Allah ya sa ya huta.

Abin da ke ba ni mamaki da ku shi ne, ba ku iya siyasa ba ne balle a ce. Bakura ta ba da Ahmad Sani Yarima daga 1999 zuwa 2007, Mafara ta ba da Abdul'aziz Yari daga 2011 zuwa 2019, Maradun ta ba da Bello Matawalle daga 2019 zuwa 2023. Garuruwa uku maƙwabta, gwamnoni uku, shekara 20 a kujera. Mutanen da suka iya wannan ƙulli ba za su ce mini ba su iya tambaya ba.

Kafin ku watse, a riƙe wannan. Ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ta fi 'yar'uwarta ɗumi, ko numfashi ya sarƙe haka kawai, ko ƙirji na suka in an ja numfashi, ko tari da jini, musamman ga mai ciki, mai jego, mai karaya, wanda aka yi wa aiki ko wanda ya dawo doguwar tafiya: ba tausa, ba ƙaho, ba jiran gobe. A tafi asibiti tun da rana, a buɗe baki a ce wa likita, "Muna tsoron gudan jini ne." In ya nuna muku lambar yatsa ya ce lafiya lau alhali mara lafiya na haki, a yi masa gardama cikin ladabi, gardama dai ba baƙonku ba ce.

In kuma masu neman ƙuri'a sun zo da shinkafa da atamfa, ban ce ku ƙi karɓa ba, ban isa ba. Ku karɓa, sannan ku tambaye su a gaban jama'a: babban asibitin garin nan yana da na'urar hoton jijiyar ƙafa? Akwai wanda ya iya aiki da ita? Ana awon INR? Akwai allurar hefarin a kantin maganin asibiti, kuma nawa ce?